Kuɗin Baƙi da Sunan Yaya Muhtari

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Muhtari makwancinsa, kuma har yau idan na tuna makon da ya biyo bayan rasuwarsa sai gabana ya faɗi.

Shagon hatsi yake da shi a Ƙofar Kware. Yawancin masu zama a bencinsa 'yan ci-rani ne daga Nijar, mutanen Ƙonni da Tawa da Madawa, masu ga-ruwa da haƙar rijiya da gadi. Banki ba ya buɗe musu asusu don ba su da katin shaidar ƙasar nan, ɗakunan da suke kwana kuma ko ƙofar kirki babu. Sai suka riƙa kawo masa abin da suka samu, shi kuma yana zubawa a asusunsa. Bai taɓa cin sisin kowa ba. Bai kuma taɓa gaya wa kowa a gida ba.

Ya faɗi a shago wata Laraba da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura. Duk kwanakin zaman makoki ina ganin wasu mutane a gefen tabarma, ba sa taɓa abincin sadaka. Sai da aka yi addu'ar bakwai babbansu, wani dattijo mai haƙar rijiya da ake kira Baba Alhasan, ya ja ni gefe.

"Ɗana, ba mu so mu yi magana bisa gawa ba. Amma kuɗɗinmu na hannun marigayi, kuma ba mu da takarda ko guda."

A banki aka ce mana an rufe asusun, sai mun kawo takardar gado daga kotu. A gida wasu dangi suka ce duk abin da ke da sunan mamaci na marayunsa ne, baƙo kuma sai ya kawo shaida. Wata takwas muka yi muna wannan. A cikin masu ajiyar akwai Idi, mai ga-ruwa daga Madawa, wanda aka aiko masa cewa matarsa na kwance, sai an yi mata aiki. Na haɗa masa abin da ke aljihuna, bai kai ko rabin abin da ake nema ba. Ya karɓa, ya yi godiya, ya hau mota. Da aka saki kuɗin, kowa ya faɗi nasa a gaban liman, ba wanda ya ƙara ko naira. Idi ne kaɗai bai zo ba. Na aika Madawa sau biyu, ba a same shi ba, kuma ban san abin da ya faru da matar ba.

Yanzu ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga garin nan. Kowace kwana akwai mai POS, kuɗi na tafiya ta waya cikin minti ɗaya. Ina jin da farko zai yi murna. Amma da ya zauna a bencin nan kwana biyu zai ga mutanensa na nan inda ya bar su. Wanda ba shi da kati, da sunan wani yake ajiya. Wanda bai iya karatu ba, sai ya miƙa wayarsa ga wanda bai sani ba ya karanta masa saƙo, har lambar sirri yake faɗa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa.

Ni na gaji shagon. Duk Juma'a bayan la'asar nakan zauna da 'yan ci-ranin, ina nuna musu yadda ake gane saƙon shigar kuɗi na gaskiya da na ƙarya, da inda ake neman takardun zama. Kaɗan sun buɗe asusu da sunansu. Saura suna tsoron shiga ofis, kada a tambaye su yadda suka ƙetaro.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne mutum huɗu na ajiya da sunana yau. Na yi rantsuwa ba zan yi ba, na kasa. Na rubuta, na sa shaidu, na gaya wa matata, amma na san idan na faɗi gobe za a rufe asusun kamar yadda aka rufe nasa. Likita kuma ya ce jinina ya hau.

Gaskiyar Yaya ce ta rage bayansa, ita ce har yau ke jawo baƙi ƙofarmu. Sai dai gaskiyar mutum ɗaya tana mutuwa tare da shi, kuma wannan bai hango ba. Makon jiya wani baƙo ya tsaya bakin shago, ya ciro ledar kuɗi a ƙulle daga cikin rigarsa, ya ce an ce masa ni ne ƙanen Muhtari. Na ce ni ne. Na ce ya fara raka ni a nemo masa takarda. Ya dube ni, ya mayar da ledar cikin riga, ya tafi, kuma ban san hannun wa ya kai ta ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Muhtari, Ya ba mu ikon sauke abin da ke wuyanmu kafin a kira mu.