Mai Allo da Inuwar da Ba Ta Cikin Ƙirji

Kullum kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Mai Allo ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, taga ɗaya, tebur biyu. Sai ya rataye hularsa a ƙusa, ya jona butar shayi, sannan ya bi kwamfutocin yana kunna su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tashin 'ya'yansa daga barci. Ba ya zama sai kowane allo ya kawo haske. Rana kan leƙo ta tagar ta kwanta a kan tsofaffin wayoyin da ya nannaɗe, shi kuwa ya tsaya da kofi a hannu yana sauraron fankokin da ke juyawa a cikin injinan. Ya ce kowace da muryarta. Shekara ashirin da uku ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Nas-nas ne suka laƙaba masa sunan, don duk wanda allon kwamfutarsa ya yi baƙi shi yake nema. Kwamfutocin asibitin ba sa aiki da manhajar saye. Shi ya ɗora musu irin wadda ake rabawa kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara. Manhaja ce mai kirki, sai dai wani lokaci takan saɓa da ɗan katin da ke zana hoto a kan allo. Tsakanin su biyun akwai wata ƙaramar manhaja mai yi musu tafinta, ana ce mata direba. Har yau matarsa tana yi masa tsiya a kan wannan: "Malam, shekara nawa kana yi wa direbobi hidima, ko sau ɗaya ba su rage maka hanya ba." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai nasa direbobin hoto suke tuƙawa.

Babbar nas tana da labarinsa da yawa, amma akwai wanda ba ta gajiya da bayarwa, don a gabanta aka yi.

Wata safiyar Talata ce. Kwana biyu kafin nan, Mai Allo ya sabunta manhajar kwamfutar da ake duba hoton ƙirji a kanta. Likitar sashen ƙirji, matashiya ce da ba ta daɗe da zuwa ba, ta aika a kira shi don allon yana ɗan ƙiftawa. Da ya shiga ya tarar ta zuba wa wani hoto ido, fuskarta ba walwala. Hoton wata mai ɗinki ne da ke zaune a kan benci a waje, wadda tari ya dama wata biyu. A saman huhunta na hagu akwai wata inuwa fara-fara, kamar gajimare.

Mai Allo bai san huhu ba, amma ya san allo. Ya dubi gefen inuwar, ya ga ya miƙe sosai, kamar an ja shi da rula.

"Likita, ki yi mini haƙuri, na san ba fannina ba ne. Kafin ki kira ta, buɗe mini hoton wani daban."

"Baba, mutane suna jira a layi."

"Minti ɗaya kawai, 'yata."

Ta buɗe hoton wani tsoho da aka ɗauka jiya. Ga inuwar nan, a daidai wurin. Ta buɗe na wani da ya karye a hannu. Ga ta nan kuma, tana shawagi a gefen ƙashi, inda babu ko tsoka.

Likitar ta dafe baki. "Innalillahi! Saura ƙiris in gaya wa baiwar Allah nan sai an yanka an ɗebo tsoka an gwada."

"Laifina ne," in ji shi. "Ni na sabunta shekaranjiya, ban gwada yadda ya kamata ba."

Ya ja kujera. Ya danna maɓallai uku, hoton ya ɓace, allon ya koma baƙi da fararen rubutu. A nan injin yake ba da labarin abin da ya same shi tun daga lokacin da aka kunna shi. Mai Allo ya bi layi-layi da ɗan yatsa, leɓɓansa suna motsi, kamar mai bin sawu a kan yashi. Can ƙasa ya sami inda sabon direban yake ƙorafi a kan ma'ajiyar katin hoto. Ya cire sabon direban, ya mayar da na da, ya sake kunna injin.

Allon ya daɗe a baƙi. Babbar nas ta ce a lokacin har ƙarar agogon bango take ji. Sannan haske ya taso a hankali, haƙarƙarin mai ɗinki suka bayyana a jere, fes, babu gajimare ko kaɗan. Ciwon ƙirji ne na yau da kullum, aka rubuta mata maganin kwana goma. Likitar ta koma ta sake duba duk hotunan kwana biyun nan, aka kira tsohon nan aka kwantar masa da hankali. Mai ɗinki kuwa ta wuce ta gaban Mai Allo a baranda, ta gaishe shi kamar yadda ake gaishe da kowane dattijo, ta tafi. Har yau ba ta san abin da ya faru ba.

Bai tsaya nan ba. Da rana ya zauna ya rubuta wa masu haɗa direban, mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ke warwatse a duniya suna aikin don Allah da son abin. Ya tura musu bayanin injin da hoton inuwar. Yakan ce idan yana rubuta musu, sai ya riƙa ganinsu a zuci: wani a ɗaki mai sanyi, wata da jariri a cinya tana bugawa da hannu ɗaya, kowa da tagarsa da kofinsa. Bayan mako uku amsa ta zo daga wani mai sunan da ya kasa furtawa. Layi biyu ne: mun gani, mun gyara, mun gode. Ya ce ranar ji ya yi kamar an miƙo masa hannu daga bayan teku.

Kai ne, Mai Allo, ginshiƙin da ke cikin bango, ana jingina da kai ba a ganin ka. Kai ne ka faɗi laifinka da bakinka a gaban sa'ar 'yarka, a ranar da shiru ma zai rufa maka asiri. Ba ka taɓa riƙe allura ba, amma idon likita ta hannunka yake bi kafin ya kai ga mara lafiya.

Wadda za ta gaje shi ta riga ta fara zuwa. Ya ba ta litattafai huɗu masu kauri, duk da rubutun hannunsa, kowace matsala da ranarta da maganinta. Da aka tambaye shi kyautar da yake so ta sallama, sai ya nuna wata tsohuwar kwamfuta da aka ware za a zubar. Ya ce allonta yana tsagewa gida biyu, kuma ya daɗe yana son ya sami lokacin da zai gano dalili.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiyar hutawa. Mu kuma da muka rage, a kowane wurin aiki akwai irinsa, wanda ba a tunawa da shi sai abu ya lalace. Mu koyi haƙurinsa da gaskiyarsa. Kuma gobe, tun komai yana aiki lafiya, mu je mu gaishe shi.