Matar da Ta Bi Mu Rumfar Makoki

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Asokore Mampong ya san Anti Sahadatu. Da an shafa fatiha, kafin a raba goro, sai ta ɓullo ta bayan rumfa da jaka a kafaɗa, ta durƙusa gaban dattijon farko ta ce, "Baba, miƙo hannu."

Ita ce ma'aikaciyar jinya ta ƙaramin asibitin unguwarmu. Da gwamnati ta kawo shirin ƙarfafa irin waɗannan asibitoci, sai aka ba Anti Sahadatu horo da na'urar awon hawan jini. Mata suka riƙa zuwa. Mu maza muka ce wurin awon jarirai ne, ba za a gan mu a bencin masu goyo ba. Sai ta lura cewa a rumfar makoki kaɗai namijin Zango yake zama ya natsu, da tunanin mutuwa a ransa. Can ta bi mu.

Mun yi mata ba'a. Alhaji Jibirin mahauci ya tambaye ta ko mamaci na gaba take zaɓa. Ta ce in ya ci gaba da cinye kitsen da ya kasa sayarwa, ba sai ta zaɓa ba. Ta ɗaura masa na'ura, dariyarta ta ɗauke, nan take ta sa shi a tasi zuwa babban asibiti. Yau yana kasuwa yana saran nama.

Wata ranar Asabar, a rumfar addu'ar wani maƙwabcinmu, tana cikin auna ni sai bakinta ya karkace. Ta sulale ƙasa, na'urar tana ɗaure a damtsena. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe a jikinta. Har yau hankalina ya kasa ɗaukar wannan magana. Shekara da shekaru tana duba jinin unguwa guda, ba mu taɓa tambayar wanda yake duba nata ba.

Anti Sahadatu, ke ce kika haɗiye ba'armu don matanmu kada su yi takaba da wuri. Mun gode. Allah ya tashi kafaɗarki.

Da na je gaishe ta, harshenta ya yi nauyi. Ta gaya mini an turo wata sabuwar ma'aikaciya, Mubina, amma ita kaɗai ce, ba ta da halin barin asibitin. Anti Sahadatu ta riƙe hannuna da na hagunta, don na daman ya shanye, ta ce, "Malam, yanzu ba zan iya biyo ku ba. Ku je da ƙafarku."

Mazan Zango, saƙonta ke nan gare mu duka.

Jiya da safe na je asibitin unguwarmu. Na zauna a benci tsakanin masu goyo biyu, ɗaya ta matsa mini tana danne dariya. Mubina ta leƙo ta ce, "Baba, jikarka ka kawo awo?"

Na ce a'a, kaina na kawo. Na naɗe hannun riga.