Taurarin Ramlat Jikar Dabo

A hannuna aka haifi Ramlat, a nan Sabo cikin Ibadan, saboda haka in na ce na san ta ba cika baki nake ba. Ni ƙanwar ubanta ce Isiyaku, mai sayar da albasa a kasuwar Bodija. Aurena ma ban yi nisa ba, katanga ce kawai tsakanin gidan mijina da gidanmu, kuma a nan nake toya waina ina sayarwa. Bokona bai kai ko'ina ba, amma abin da ya sami yarinyar nan na fahimce shi sarai, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tun tana ƙarama ba ta da aiki sai ɗaga kai sama. A aike ta sayen kalanzir da magriba, sai a tsince ta a matakalar benen maƙwabta, baki buɗe, kwalba wayam. To me ke cikin sararin Ibadan? Hayaƙin janareta, wayoyin da ba sa kawo wuta, da hadari rabin shekara. Mahaifiyarmu Iya ce ta ɓata ta. Ita ta nuna mata Zara matar wata, da Kaza da 'ya'yanta, da Gamzaki mai fitowa da asuba, kamar yadda ta ji a bakin mahaifinmu Dabo, wanda ya yi fataucin goro tun ana bin hanya da su.

Ta yi makarantar gwamnati a Mokola tare da 'ya'yan Yarabawa, da yamma kuma Islamiyya. Yarabanci a bakinta kamar a nono ta sha shi, lissafi kuwa ba a magana. Da ta gama sakandare ta ce ita ilimin sararin samaniya za ta karanta, ta kuwa sami gurbi a wata jami'a can gabas. Matan unguwa suka yi ta zuwa yi mini jaje, wai 'yar Isiyaku ta tafi koyon duba. Na gaji da bayani, na koma ce musu in ta dawo su zo da kaza baƙa. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan yayana: bai taɓa gajiya da karatun nan ba. Ko ruwa ko rana yana Bodija, bai bar ta ta nemi komai ta rasa ba.

Wani hutu ta zo ta zauna kusa da tanda tana taya ni zuba ƙullu, ta ce, "Gwaggo, kin san Zara ba tauraruwa ba ce? Duniya ce kamar tamu, sai dai zafinta ya fi na tandar nan taki nesa ba kusa ba. Kuma babu abin da ya haɗa ta da wata."

Na ce, "To, karatu ya yi rana. Daga zuwa kin kashe auren mutane."

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta shiga ba ni labarin abin da take bincike a kai, wai wasu taurari ne da suka ƙone suka dunƙule, suna juyawa suna aiko da bugu kamar na zuciya. Ba da ido ake ganinsu ba, da wasu manyan farantai ake sauraronsu, irin na kallon tashoshin waje amma kowanne ya fi gidanmu girma. Rabin maganar ya wuce ni. Abin da na gane shi ne ban taɓa ganin mutum yana son wani abu kamar yadda take son wannan ba.

Ta gama da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa. Sai ga wani shiri ya fito na tura ɗalibai Afirka ta Kudu, inda farantan nan suke, su yi digiri na biyu. Daga kowace jiha mutum ɗaya za a ɗauka. Ta zauna jarrabawa, ta ci, ci na gaske. Abu ɗaya ya rage: kafin ƙarshen wata ta kawo takardar shaidar cewa ita 'yar asalin wata ƙaramar hukuma ce, don a san kujerar wace jiha za ta hau.

Nan ne gizo ke saƙar. Mahaifinmu Dabo ya baro wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo yana saurayi, da niyyar cin rani guda ya koma. A Sabo ya yi aure, a Sabo ya tsufa, a Sabo aka binne shi. Ni da Isiyaku nan aka haife mu. Amma a gidanmu in aka ce "gida", Kwarin Gawo ake nufi. Isiyaku bai taɓa taka garin ba, amma in ya fara ba ka labarinsa sai ka rantse jiya ya dawo. Lokacin Baba yana raye, duk sallah sai ya kai huhun goro da atamfa tashar Ojoo ya ba direba a kai wa dangi. Da ya rasu, Isiyaku ya ce bana kasuwa ba daɗi, sai baɗi. Baɗin nan har ya yi furfura bai zo ba, alhali kowa ya san zumunta a ƙafa take. Takardun Ramlat na baya kuwa duk baki ne kawai, a tambaye ta jiha ta faɗa a rubuta, ba wanda ya ce ta kawo shaida.

Ta fara gwada ofishin da ake ba da takardar a nan Ibadan, na raka ta. Mutumin ya dubi sunanta, ya dubi hijabinta, ya ce, "Shebi Hausa ni e? Go your state now." Wato ai ke Bahaushiya ce, ki tafi jiharku.

Ta mayar masa da Yarabanci tsantsa cewa nan aka haife ta, nan aka haifi ubanta, kabarin kakanta yana nan. Har ya ajiye biro yana murmushi, ya yaba bakinta. Sannan ya ce shi ba ya da laifi, sai ta faɗi sunan gidansu na gado a cikin gari da baale, wato shugaban gidan, da zai tsaya mata. Sabo kuwa ba ta cikin lissafin, masaukin baƙi ce.

Da labari ya bazu, Sammani direba, mai jigilar Arewa daga Ojoo, ya zo har gida. Ya ce, "Malam Isiyaku, no be wahala. Ina da mutum a wata sakatariya, rabin yaran Sabo ta hannunsa suka samu. A ba ni hotonta kawai, oya, in tafi da shi gobe."

Isiyaku ya miƙe kamar an zage shi. "Ni zan saya wa 'yata asali? Mu ba shegu ba ne, muna da gari! Ta je gida. Tana cewa jikar Dabo ce, rago za su yanka mata."

Na ce, "Yaya, a yi biyun mana. A ba Sammani hoto, mu kuma mu tafi."

Ya ce in rufe masa baki, wanda yake da rijiya a gida ba ya sayen ruwa. Ramlat kuwa ba ta iya yi wa ubanta musu. Shi da ya yi cika bakin bai bi mu ba, wai albasa za ta ruɓe. Ni na roƙi mijina izini, na rufe tanda na raka ta.

Mun sha hanya kafin mu sami garin, don direbobi da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Dagacin saurayi ne mai ladabi, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo fura. Da muka faɗi abin da ya kawo mu, ya ce ba ya sa hannu sai wani daga cikin dangi ya shaida. Aka ɗauko wani tsoho Malam Rabe, wanda idonsa ya tafi. Ya daɗe yana tunani, can ya ce, "Ƙwarai, an yi wani Dabo da ya tafi Kurmi. Goro yakan zo. Da goro ya daina zuwa muka ce ko ba a bar baya ba." Gidan kuwa ya rushe tuntuni, ya zama gona, jikan wan Baba mai suna Ɗantani ne yake nomawa.

Aka kira Ɗantani. Wallahi yana shigowa na ga hancin Baba da goshinsa sak. Shi kuma ya dube mu, ya dubi jakar takardun da ke hannun Ramlat, sai na ga fuskarsa ta rufe. A ransa gado muka zo nema. Ya ce shi bai san wani Dabo ba.

Na rantse masa ba ma son ko zangarniya ɗaya daga gonarsa. Ramlat ta durƙusa a gabansa tana bayanin karatu da faranti da Afirka ta Kudu, mutumin da damuwarsa taki da damina. Da kuka ya ci ƙarfinta sai bakin Sabo ya kuɓuce mata, ta koma roƙo da Yarabanci, ta ce, "Ejo, Baba, ejo, ka taimake ni." Matasan da ke bakin zaure suka kwashe da dariya, wani ya ce ashe ma Bayarabiya ce. Ɗantani ya karkaɗe rigarsa ya fita.

Dagaci ya ce, "Hajiya, ni na yarda da ku. Amma in na sa hannu jininku ya ce bai san ku ba, gobe ni za a tuhuma."

Muka kwana biyu muna bin ƙafa, muka aika masa liman, muka aika matarsa, mutumin nan ko gezau. A hanyar dawowa na kira Sammani ba tare da na nemi izinin kowa ba. Ya ce mutuminsa ya yi tafiya, amma zai yi ƙoƙari. Takardar ta iso bayan an rufe karɓa, da sunan wata jiha da ba mu da ko kare a cikinta. Kujerar kuma aka ba wani.

Ka san abin da Isiyaku ya ce da muka ba shi labari? "Ba su gane ku ba ne. Da ni na je da ba haka ba." Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce masa ya yi shekara da shekaru yana ciyar da mu labarin garin da ko gaisuwa bai aika masa ba, yau ga shi ya ci 'yarsa. Ya tashi ya shiga ɗaki. Na san ya yi kuka, kuma ban tausaya masa ba.

Ramlat ta adana takardar Sammani tana jiran shekara ta zagayo. Shekara ta zagayo ba a sake shirin ba, ta bayanta ma haka. Ta rubuta wa jami'o'in waje da kanta, wasu suka amsa, amma da sharaɗin ta ɗauki nauyin kanta, albasa kuwa ba ta kai nan. Yanzu tana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Mokola. Littattafanta suna cikin bakko a ƙarƙashin gado, damshin Ibadan yana cinsu. Ta auri Abbas mai gyaran waya, yaron kirki, shi ma jikan wani ne da ya zo cin rani bai koma ba. Ba ta ƙara yi mini maganar taurari ba, in na tsokane ta da Zara sai ta ce, "Gwaggo, bar shi kawai."

Kwanan baya ta haihu, mace. Na raka ta asibiti rigakafi, aka tura mu teburin da ake yi wa jarirai takardar haihuwa. Ma'aikaciyar ta tambayi sunan yarinya, Ramlat ta ce Sakinat. Ta tambayi sunan uba, ta faɗa. Sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce, "State of origin?"

Ramlat ta dubi jaririyar da ke barci a ƙirjinta. Layi ya yi tsawo a bayanmu, matar ta sake tambaya da ɗan faɗa.

Ramlat ta ce, "Anti, ki rubuta duk wadda ta zo bakinki. In ta girma za su gaya mata ba tata ba ce."