Gora Bakwai a Gonar Saude

Duk wanda ya kwana biyu a Riruwai ya san ƙarar ƙaramar taraktar kamfanin kuza, wadda mutanen gari ke kira tantan. Shekara uku mutum ɗaya ke tuƙa ta, sunansa Mainasara. Yanzu ba shi ke tuƙa ta ba. Har yau kuma bakin mutanen gari bai zo ɗaya ba kan abin da ya kai shi gonar Saude a kakar bara, wato 1957.

An haifi Mainasara a Ƙafin Maiyaki ta ƙasar Kiru. Su shida ne maza a wurin ubansu, gonar kuwa da kyar za ta ci da mutum biyu. A ranin 1946 ya biyo 'yan cin rani zuwa Riruwai da niyyar komawa kafin shuka, bai koma ba. Wani manomi mai suna Mudi ne ya sauke shi, ya ba shi wurin kwana a zaurensa. Wata bakwai matar Mudi, Saude, tana zuba masa tuwo, kafin ya sami ɗaki a barikin lebura.

Shekara huɗu ya yi yana ɗaukar kwanon ƙasa a ramin kuza. Da tari ya kama shi, aka mai da shi cikin masu yankan ciyawa da langalanga a gidajen Turawa. A 1954 aka kawo taraktar. Ruwan toka ce, ba ta fi babban bijimi ba, da wuƙa a gefenta mai haƙora kamar zarto, tsawon gaba guda. Bakanike ya gwada mutum huɗu a kanta. Mainasara ne kaɗai ya yi mako guda bai karya haƙorin wuƙar ko ɗaya ba, sai aka bar masa.

Abin da ya hana shi karya haƙori ba wani asiri ba ne. Ba ya shiga fili da tarakta sai ya fara taka shi da ƙafa. Yakan ɗauki sanda ya bi ciyawar tsaye da kwance yana zungura. Ƙasar Riruwai cike take da kututture da suri da duwatsu, ga kuma tsofaffin ramukan gwaji da masu neman kuza suka haƙa suka bari a buɗe, ciyawa ta rufe bakinsu. Duk inda ya sami irin wannan sai ya kafa doguwar gora, ya ɗaura mata tsumma a ka, yadda zai hango ta daga kan kujerar tarakta ko da gamba ta fi mutum tsawo.

Matsalar ita ce safiyo, mai awon ƙasa na kamfani, shi ma haka yake yi. Yakan taka fili yana ƙirga, ya kafa gora mai ƙyalle. A 1955 sau biyu aka tura Mainasara ya share wa safiyo layi ta gefen gonakin mutane, kuma kafin damina ta zagayo wuraren nan biyu sun zama rami. Daga nan aka sa masa suna Wanzamin Bariki. Ana cewa inda ya yi aski, kwano ke biyo baya. Ba wanda ya taɓa zaginsa ido da ido. Amma in ya zo majalisar ƙofar masallaci sai hira ta koma kan ruwan sama, in ana raba goro sai ya ƙare kafin a zo kansa. Shi kuma ba mai yawan magana ba ne, wannan ya ƙara wa mutane zargi.

Mudi ya rasu a farkon 1956, ya bar Saude da 'ya'ya mata biyu da gona guda a bakin hanyar bariki. Daminar farko tana fama da ciwon ƙafa. Ta biyu ta nemi gayya, aka yi ta ɗaga mata rana har lokacin shuka ya wuce. Gonar ta zama saura, gamba ta rufe ta har ba a ganin iyaka. Ita ce kuwa duk abin da Saude ta mallaka.

Mainasara ya ce a watan Oktoba yana gyaran wuƙa a bayan ofis ya ji masinja na cewa safiyo zai zo neman wurin da za a riƙa zuba ƙasar sabon rami, a bakin wannan hanya. Inda aka ga gona, sai an je wurin hakimi an yi doguwar magana, don haka safiyo ba ya son gona. Inda aka ga ciyawa kuwa, daji yake rubutawa. Mainasara ya san akwai kunyoyin Mudi a ƙarƙashin gambar, domin ya taɓa taya shi huɗa a can. In an yanke ciyawar, kowa zai gan su.

Ya ce ya je ƙofar gidan Saude sau biyu ya yi sallama. Saude ba ta musa ba. Ta ce lallai ya zo, ita ce ta sa a ce ba ta nan.

"Me zan fito in ce masa?" in ji ta. "Maƙwabta na kallo. A ce an ga Wanzamin Bariki a ƙofata, gobe a ce na sayar da gonar marayu?"

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka ga Mainasara cikin gonar da sanda, yana tafe yana zungura. Kafin la'asar gora bakwai sun tsaya a cikin gambar, kowace da tsumma. Masu dawowa daga kasuwa suka gani, labari ya riga su isa gida.

Zailani, ƙanen marigayi Mudi, shi ya kai wa Saude labarin. Mutum ne mai baki, dillalin awaki.

"Matar yaya, kina nan kina tankaɗe, an yi wa gonarki kitso."

"Wane irin kitso kuma, sarkin surutu?"

"Gora bakwai, da idona na ƙirga. Ɗan da kika yi wa tuwo wata bakwai, ga shi ya biya ki, kowane wata da gorarsa."

Saude ta ajiye rariya. Ta ce za ta je ta tuge su ta sa a murhu.

"A'a, kada ki ƙone," in ji Zailani. "In suka ga babu, sabbi za su kafa. Ai Bature ba gona ya sani ba, gora ya sani. Inda ya gan ta nan zai bi. Mu matsar da su can bayan iyaka, su je su ci dajinsu."

Shawarar ta yi wa Saude daidai. Da safiyar Asabar su biyu suka tuge gorar duka, suka kai su wajen iyakar gabas suka kafa. Zailani har ya yi ƙoƙarin jera su yadda ya same su, don kada a gane.

Lahadi ba a aiki a kamfani. Da hantsi Mainasara ya fito da tarakta ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya faro daga bakin hanya yana zagayawa, gamba na kwantawa a bayansa. Mutane suka taru a hanya, wajen talatin, ba wanda ya ce masa sannu. Saude na tsaye a cikinsu, ta rufe baki da mayafi.

An tambaye shi daga baya ko bai lura gorar sun matsa ba. Ya ce ya ga kamar sun yi nisa, amma a cikin doguwar ciyawa ido na ruɗin mutum, kuma shekara uku gorarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya riga ya yanke kashi biyu cikin uku na gonar sa'ad da ƙafar gaba ta faɗa ramin gwaji. Taraktar ta kifa ta gefen wuƙa, ta danne masa ƙafar hagu.

Waɗanda ke wurin sun yarda cewa an ɗan jima kafin wani ya motsa. Saude ce ta fara gudu, tana kiran a kawo agaji. Mutum goma sha biyu suka ɗaga ƙarfen da itace aka jawo shi. Ƙafar ta karye a wuri biyu ƙasa da gwiwa.

Bayan kwana huɗu mai unguwa Ɗantani ya je inda Mainasara yake kwance a gidan maɗori, da Zailani da Saude da wasu dattawa biyu.

"Mainasara, wa ya aike ka?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba kowa."

"To me ka auna ranar Juma'a?"

"Ban auna komai ba. Rami biyu ne, da kututture huɗu, da suri ɗaya. Su na sa wa alama don kada in hau."

Zailani ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ji wani zance. Kura ta ce ta shiga garke ne don ta ƙirga awaki."

"Kai dillali, rufe mana baki," in ji mai unguwa. Ya juya ga Mainasara. "Ka san al'adar garin nan. Ba a sa wa saurar wani ƙarfe sai da izinin mai ita. Wanda ya yi sassabe a saura, cewa yake yi yana so. Kai ba ka da gona a nan. In ba kamfani kake wa ba, kanka kake wa?"

"Na je neman izini sau biyu, aka ce ba ta nan."

Saude ta sunkuyar da kai.

"Don me ba ka zo wurina ba?"

Mainasara ya ce, "Ranka ya daɗe, da na zo na ce safiyo na tafe, cewa za a yi ni na kawo shi."

Mai unguwa ya aika mutum biyu su duba. Suka dawo suka ce sun sami ramukan da aka tuge gora guda bakwai, kuma a gefen kowane akwai abin da Mainasara ya faɗa. Zailani ya ce wannan ba hujja ba ce, mai wayo zai iya kafa fegi kusa da kututture don ya sami abin faɗa.

A bariki ma zargi ya tarar. Manaja bai yarda cewa mutum zai fitar da tarakta ranar hutu don Allah kawai ba. Ya sa aka yi ta tambaya ko Mainasara ya saba kai ta gonakin mutane a ɓoye. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya ce haka ba, amma aka karɓe makullin. Wata biyu tarakta na jiran ƙarfen gaba daga Jos, da aka gyara ta aka ba wani.

Safiyo ya zo mako uku bayan faɗuwar. Ciyawar da aka yanke ta bushe, Saude da 'ya'yanta sun kwashe ta, kunyoyin Mudi sun fito layi layi daga bakin hanya har zuwa ramin. Mai unguwa ya tsaya a kansu ya ce gona ce, mai ita na raye, ga ta nan. Safiyo ya taka wurin, ya duba, ya rubuta gona. Kashi na ukun da tarakta ba ta kai ba, gamba na tsaye a kansa. Saude ta ce a nan ma akwai kunya, ta shiga ta buɗa ciyawar da hannu tana nunawa. Tafintan safiyo ya faɗa masa, safiyo ya leƙa daga inda yake tsaye, ya girgiza kai. Nan ya kafa fegi. Yau tudun jar ƙasa ne a wurin, ya fi ɗaki tsawo.

Mainasara ya tashi bayan wata huɗu, yana ɗingishi. Kamfani bai kore shi ba, ya mai da shi kan langalanga. Shekarunsa sun kai arba'in. Yana zaune a ɗakinsa na barikin lebura da matarsa da ɗansu guda, kuma yana cewa in ƙafar ta ƙara ƙarfi zai je Ƙafin Maiyaki ya ga 'yan'uwa. Da aka tambaye shi ko yana da-na-sani, ya ce abu ɗaya ne: da ya sake taka gonar da safiyar Lahadi kafin ya tayar da inji.

A gari magana ta rabu. Wasu na cewa ya yi don Mudi. Wasu na cewa auren Saude yake nema, gonar ta biyo baya. Zailani na nan kan bakansa, cewa kamfani duka gonar ya so, faɗuwar tarakta ce ta ɓata shirin, don haka shi ya ceci kashi biyu. Mai unguwa Ɗantani ya ce shi abin da ya gani da ido kawai zai faɗa, kuma ya riga ya faɗa.

A daminar bana an yi wa Saude gayya, mutum goma sha tara suka fito, ba a ɗaga rana ko sau ɗaya ba. Ta shuka dawa da wake a abin da ya rage mata. An same ta a gonar tana cire ciyawa a gindin tudun jar ƙasar, inda ruwa ke wanko laka yana binne mata kunya biyu na ƙarshe. Aka tambaye ta ko yanzu ta yarda da Mainasara.

Ta miƙe ta kaɗe hannu. "Ni ban shiga cikinsa ba, balle in san abin da ke ciki. Abin da na sani, inda ya yanka nawa ne har yau. Inda bai kai ba, ga shi can." Ta nuna tudun da haɓa. "Gorar kuwa ni na tuge ta da hannuna, ba wanda ya tuge mini."

Ta ce in an girbe dawar za ta aika masa da dami biyu, da rana tsaka, ta hanyar kasuwa.