Tulunan da Suka Ƙi Zama a Kafaɗa

Na tarar da tulunan da muka raba a Beji cike da dawa, kurkunu kuwa, tsutsar nan da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, na nan a ƙafafun yara. Shekarun 1980 ne, ina mai bibiyar aikin ruwa daga Minna. A takarda tsarinmu sumul yake kamar baitin waƙa: tulu mai matata zai kawo ruwa mai tsabta, ruwan ya kawo lafiya.

Na ce da tsohuwar wani gida, “Mama, me ya hana ku ɗebo ruwa da su?”

Ta yi dariya. “Ɗana, tulunka na ɗauka a kai ne. Mu matan Gbagyi a kafaɗa muke ɗaukar kaya. Kun tambaye mu?”

Kunya ta rufe ni.

Komai kyan tsani, matakala guda in ta ɓace ba a kai rufi. Ku, wacce kuka taɓa mantawa?