Hanyar Bantama a Wuyan Rigata

Jama'a, tun da aka ƙirƙiri alƙalami ba a taɓa yi wa malami biyayya irin wadda aka yi mini yau ba!

Gobe ni zan yi jawabi a walimar saukar ɗalibanmu, har na sayi farar shadda. Makon jiya ina cikin trotro, motar hayarmu, na buɗe wurin rubutu a wayata, na sa awona, na zaro ɗan alƙalaminta na zana aikin da nake so a wuyan riga. A nufina layi biyu ne miƙaƙƙu. Na tura wa telana a kasuwar Kejetia, ban sake dubawa ba.

Yau na je karɓa. Inna lillahi! Zare ya hau, ya gangaro, ya yi tsalle har aljihu!

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Zanenka ne, Ticha," ya miƙo mini wayarsa. Wallahi shi ne! Duk ramin da mota ta faɗa a hanyar Bantama hannuna ya rubuta shi, Baba kuma ya ɗinke.

Na ce, "Ba ka ga a karkace yake ba?"

Ya ce, "Ei, na gani mana! Amma wa zai gyara wa mai ilimi? Kwana uku na yi ina bin lanƙwasar nan."

Na ce a warware. Ya ce shaddar za ta huje.

Ina tsaye ina salati, ya ƙara da cewa mutum biyu sun riga sun ce a yi musu irinta.