Ƙyallayen Baba Sawu

Shekara ashirin da uku Baba Sawu ya yi yana yi wa baƙi jagora a gandun dajin da ke tafiyar awa biyu daga birni. Aikinsa ne ya ba shi sunan: in ya durƙusa kan sawu, zai gaya maka ko gada ce ko barewa, da lokacin da ta wuce. Bai yi boko ba, bai san taswira ba. Jajayen ƙyallaye yake yagowa daga tsofaffin zannuwan matarsa, ya ɗaura a reshe duk bayan taku arba'in. Ƙulli ɗaya, ka miƙe. Ƙulli biyu, ka yi dama, domin hagu fadama ce mai zurma mutum.

Wata Asabar bas ta sauke ma'aikatan wani kamfanin inshora su talatin, kowa da baƙar leda a hannu. Manajansu ya ce sun zo shan iska, za kuma su tsaftace dajin kyauta. Aka raba su biyu. Baba ya yi gaba da rukunin farko zuwa magangarar ruwa. Na biyu za su biyo baya da wata sabuwar ma'aikaciyar gandu, wadda aka ce ta bi jan ƙyalle kawai.

Manajan ne a ƙarshen layin Baba. Duk ƙyallen da ya gani sai ya kwance, ya ɗaga a yi masa hoto, ya jefa a leda.

Rukuni na biyu suka yi hagu. Awa huɗu suna bulayi, wata mata ta nutse har ƙugu, ta karye a idon sawu. Baba ne ya bi sawunsu ya gano su, ya goyo matar har bakin ƙofar gandun. Ya sauke ta, ya juyo yana haki.

"Wa ya kwance mini ƙyallaye?"

Manajan ya ɗaga ledarsa. "Wannan sharar? Baba, ai taimakonku muka yi."

"Yallaɓai, shara ce ke hawa reshe ta ɗaure kanta? Ko iskar garinku ce ta iya ƙulli biyu?"

"To ku kafa allo mana, kamar mutane."

"Sau uku ana kafawa, gara na cinyewa! Ka tambaye ni? Bakina ciwo yake yi?"

Ya fizge ledar, ya zazzage ta a kan takalman manajan. Wani ya ɗauka a waya.

Ranar Litinin shugaban gandun ya kira shi ofis. Kamfanin ya kai ƙara, hoton ya zaga gari. A kan tebur akwai takarda da aka riga aka buga. 'Yar Baba, ma'aikaciyar jinya da ta rako shi, ta karanta masa: yana neman afuwa kan rashin ladabi, ya kuma amsa cewa bai sa alama a hanya ba. In ya dangwala yatsa, aikinsa na nan. In ya ƙi, shi ke nan.

"Baba, dangwala mu tafi," in ji 'yar. "Takarda ce kawai."

"Rashin ladabin na yarda, na yi, kuma gobe ma zan yi. Ɗaya layin fa? Ni ne ban sa alama ba?"

"Baba, kamfanin nan suna kawo mana baƙi," in ji shugaban.

"To su kawo muku jagora."

Ya cire hularsa da usur, ya ajiye kan takardar, ya fita.

Yanzu yana ban ruwa a wurin wani mai sayar da dashen itatuwa a bakin titi. An rufe hanyar magangarar tun da wasu baƙin suka sake ɓata. Sau biyu shugaban yana aiko masa ya dawo. Duka biyun Baba ya tambayi ɗan aiken ko an soke layin nan. Ba a soke ba, ya ci gaba da ban ruwansa.